Davy Crockett: Tambayoyi da Amsoshi Kan Mutumin da Tatsuniya Ta Haɗiye

A Amurka da wuya ka sami yaron da bai taɓa jin sunan Davy Crockett ba. Da an ambace shi, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne wani ƙaton maharbi sanye da rigar fata da hular gashin dabba mai wutsiya, rungume da doguwar bindiga. An yi masa waƙa, an yi masa finafinai, an sa wa gundumomi da makarantu sunansa. Amma wanda ya bi tarihin mutumin a tsanake zai tarar da wani daban: talaka ɗan talaka wanda bashi ya yi ta bi tun yana yaro, kuma ɗan siyasar da ya taɓa yin abin da ya fi kashe namun daji buƙatar zuciya. A ganina wannan na biyun ne ya fi cancanta a sani.

Shin mutum ne na gaske, ko ƙirƙirarsa aka yi?

Mutum ne na gaske. An haife shi ranar 17 ga Agusta, 1786, a bakin kogin Nolichucky, a yankin da yau yake gabashin jihar Tenesi. Ya rasu ranar 6 ga Maris, 1836, a sansanin Alamo da ke San Antonio ta Teksas, yana da shekara 49. David ne sunansa, kuma da shi yake sa hannu a takardu. "Davy" ya fi yaɗuwa ne a bakin masu ba da labarinsa.

A zamaninsa Tenesi bakin daji ce. Nan ne ƙarshen inda Turawa suka kai da zama, suna ta sarar daji suna dannawa yamma cikin ƙasar ƙabilun da suka iske a wurin, irin su Cherokee da Creek da Chickasaw.

Wace irin yarinta ya yi?

Mai wuya. Mahaifinsa John Crockett yana da ɗan masaukin matafiya a bakin hanya, kuma kullum cikin bashi yake. David yana da shekara 12 uban ya ba da shi haya ga wani mai shanu, Jacob Siler, ya taya shi kora garke zuwa Bajiniya, tafiyar ɗaruruwan kilomita a ƙafa. Da ya dawo aka sa shi makaranta, kwana kaɗan ya yi faɗa da wani yaro, tsoron bulalar malam da ta uba ya sa ya gudu daga gida. Ya shafe kusan shekara uku yana yawon ƙwadago wajen masu keken doki da manoma da wani mai ɗinkin huluna.

Abin da ya yi bayan dawowarsa ya nuna irin halinsa. Ana bin ubansa dala 36 a wani wuri, dala 40 a wani. Yaron ya je ya yi wa masu bin bashin aikin ƙarfi na kusan shekara guda, bai karɓi ko sisi ba, har aka yafe takardun. Karatun da ya samu gaba ɗaya bai wuce na wata shida ba, shi ma da aikin gona ya biya. A 1806 ya auri Polly Finley, suka haifi 'ya'ya uku. Ta rasu a 1815, sai ya auri Elizabeth Patton, wadda mijinta ya mutu a yaƙi ya bar ta da yara biyu.

Da gaske ne ya ƙware a farauta kamar yadda ake faɗa?

A nan kam labarin yana da tushe. A dajin kogin Obion da ke yammacin Tenesi, inda ya koma da zama a farkon shekarun 1820, farauta hanyar ci ce. Naman dabbar beyar ake sa wa gishiri a ajiye don hunturu, kitsenta a yi girki, fatarta a yi shimfiɗa ko a sayar. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fitar a 1834 ya ce ya kashe beyar 105 cikin ƙasa da shekara guda, tsakanin 1825 da 1826. Daga bakinsa adadin ya fito, kuma mutum ne mai son ƙawata zance, amma maƙwabtansa ba su taɓa musun cewa ya iya bindiga da sarrafa karnuka ba.

Kasuwanci ne dai bai karɓe shi ba. Ya kafa injin niƙa mai aiki da ruwa da wurin haɗa albarushi a bakin rafin Shoal, ambaliya ta share su a 1821. A 1826 ya loda katakon yin ganguna a jirage biyu zai kai New Orleans, jiragen suka tarwatse a kogin Misisipi kusa da Memphis, da ƙyar aka zaro shi ta wata 'yar kafa.

Ya yaƙi 'yan asalin ƙasar?

Ya yaƙe su. Bayan harin da wani ɓangare na ƙabilar Creek ya kai sansanin Fort Mims a Alabama ranar 30 ga Agusta, 1813, Crockett ya shiga rundunar sa-kai ta Tenesi ƙarƙashin Janar Andrew Jackson. Yawancin aikinsa leƙo hanya ne da harbo wa sojoji nama. Amma yana cikin waɗanda suka afka wa ƙauyen Tallushatchee ranar 3 ga Nuwamba, inda aka kashe mayaƙan Creek kusan 200, har da mata da yara.

Shi da kansa ya rubuta abin da ya faru, bai ɓoye ba. Ya ce an cinna wa wani gida wuta da mutum 46 a ciki. Washegari yunwa ta sa sojojin suka tono dankalin da ke rumbun ƙarƙashin gidan suka ci, alhali kitsen gawarwakin da suka ƙone ya tsiyaya a kansa. Wanda ya karanta wurin nan zai ji cewa marubucin bai ɗauki ranar a matsayin abin alfahari ba. Duk da haka ba ta wanke shi, domin da hannunsa aka yi.

Yaya mutumin da bai yi karatu ba ya kai majalisar tarayya?

Mataki-mataki. A 1817 aka naɗa shi alƙalin sulhu a gundumar Lawrence, shekara ta gaba aka zaɓe shi laftanar kanar na rundunar sa-kai, daga nan laƙabin "Kanar" ya bi shi. Ya ci kujerar majalisar jiha a 1821 da 1823. Ya nemi ta tarayya a 1825 ya faɗi, ya sake nema a 1827 ya ci.

Makaminsa baki ne. Abokan takararsa lauyoyi ne da masu manyan gonaki, suna zuwa da dogon jawabi. Shi kuwa sai ya hau kututture ya ba da labarin farauta, jama'a su yi ta dariya. Ya taɓa gaya wa wani abokin hamayyarsa cewa zai sa a ɗinka masa rigar fata mai manyan aljifai biyu, ɗaya na kwalbar giya, ɗaya na curin taba. Duk wanda ya tofar da tabar bakinsa don ya kurɓi giyar, sai ya yanka masa sabuwa, don kada wani ya ce ya rabu da Crockett da asara. Talakawan bakin daji sun ga nasu a jikinsa, suka ba shi ƙuri'a.

Me ya sa a gaba a majalisa?

Ƙasar noma. Mutanen mazaɓarsa da yawa 'yan kama-wuri-zauna ne: sun sare daji, sun gina bukka, sun shuka masara, amma ba su da takardar mallaka. Kullum cikin fargaba suke kada wani dillalin filaye ya zo da takarda ya tashe su. Sauran wakilan Tenesi, ciki har da James K. Polk wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya, suna so gwamnatin tarayya ta miƙa wa jiha filayen ta sayar. Crockett ya san cewa in aka yi gwanjo, mai kuɗi ne zai saye. Ya dage a ba wanda ke zaune a kan fili damar mallakarsa a farashin da zai iya biya. A kan wannan ya ɓata da 'yan jam'iyyarsa, kuma har ya bar majalisa ƙudirin bai wuce ba.

Akwai abin da bai kamata a tsallake ba: filayen da ake wannan rigima a kansu na Chickasaw ne, a 1818 gwamnati ta karɓe su ta yarjejeniyar da Jackson ya jagoranta.

Mene ne labarin ƙuri'ar da ya kaɗa a 1830?

Wannan ce ranar da ta fi kowace daraja a rayuwarsa. Andrew Jackson, tsohon kwamandansa kuma ɗan jiharsu, ya zama shugaban ƙasa a 1829, ya kawo dokar kwashe ƙabilun kudu maso gabas a tsallakar da su yammacin kogin Misisipi. A Tenesi dokar tana da farin jini ƙwarai, don kowa na hangen gonakin da za a bari. A watan Mayun 1830 ta wuce a Majalisar Wakilai da tazarar ƙuri'u 'yan ƙalilan. Cikin dukan wakilan Tenesi, Crockett kaɗai ya ce a'a.

Ya rubuta cewa abokan aikinsa sun kewaye shi suna ce masa zai kashe kansa a siyasa. Ya amsa musu cewa dokar mugunta ce da zalunci, zai ƙi ta komai abin da za ta jawo masa, kuma ƙuri'a ce da ba zai ji kunyarta ba ranar hisabi. Shugaban Cherokee, John Ross, ya aiko masa da wasiƙar godiya. A zaɓen 1831 mutanen Jackson suka tsayar da William Fitzgerald, Crockett ya sha kaye.

Wasu masana suna cewa ƙiyayyarsa da Jackson ce ta tura shi, kuma ba shakka tana ciki. Amma ya san mazaɓarsa, ya san abin da zai biyo baya, ya kuma san da idonsa abin da ake nufi in an ce sojoji sun shiga ƙauyen 'yan asali. Tarihi ya gaskata shi: a ƙaurar dole ta 1838 zuwa 1839, wadda ake kira Hanyar Hawaye, an ƙiyasta Cherokee kusan 4,000 sun mutu a sansanoni da kan hanyar zuwa inda yau ake kira Oklahoma.

Ya mallaki bayi?

E, 'yan kaɗan, kuma bai taɓa fitowa ya yi adawa da bautar da baƙar fata ba. Tausayin da ya nuna wa Cherokee da talakawan Turawa bai kai kan bayi ba. Duk mai son mutumin dole ya riƙe wannan tare da sauran.

To daga ina tatsuniyoyin suka fito?

Tun yana raye suka fara, kuma da saninsa. Jaridun Washinton sun ga abin sayarwa a wannan ɗan majalisa mai maganar ƙauye. A 1831 James Kirke Paulding ya rubuta wasan kwaikwayo mai jarumi Nimrod Wildfire, wani kanar ɗan daji mai cika baki, kowa kuma ya gane da wa ake. A 1833 Crockett ya je kallon wasan a Washinton. Ɗan wasan James Hackett ya rusuna masa daga dandamali, shi ma ya miƙe ya rusuna, 'yan kallo suka ɓarke da tafi. A shekarar ne kuma aka buga wani littafi kan rayuwarsa cike da ƙarin gishiri, wanda ya sa ya zauna da abokinsa Thomas Chilton, ɗan majalisa daga Kentucky, suka rubuta nasa.

Sai 'yan jam'iyyar Whig, masu adawa da Jackson, suka ga sun sami ɗan daji nasu na kansu. A 1834 suka zagaya da shi Filadelfiya da New York da Boston, ana tarbarsa da taro, har aka ba shi kyautar bindiga mai ado. Ya ji daɗin abin, har ana raɗe-raɗin zai nemi shugabancin ƙasa. Amma yana can yana yawo majalisa na zama, abokan hamayyarsa a gida kuwa suna lissafa kwanakin da bai halarta ba.

Daga 1835 zuwa 1856 aka yi ta buga wasu ƙananan littattafan shekara-shekara da sunansa, masu haɗa lissafin wata da hasashen yanayi da labaran shaci-faɗi. A cikinsu ne Crockett ya hau kada ya haura gangaren ruwan Niagara, ya fizge wutsiyar tauraro mai wutsiya, ya kuma narkar da rana da man beyar ranar da sanyi ya daskarar da ita. Wanda ya san kirarin maharba zai gane salon: mutum ya tsaya gaban jama'a ya ce shi ne dodon dawa, kowa ya san ba a zahiri ake nufi ba. Bambancin shi ne waɗannan mawallafan birni ne ke rubuta su don kuɗi, yawanci bayan mutuwarsa, kuma sun cika su da cin mutuncin baƙar fata da 'yan asalin ƙasar. Sun sa wa mutumin da ya ƙi dokar 1830 kalaman da suka saɓa wa abin da ya tsaya a kai.

Ya sa hular nan mai wutsiya kuwa?

Hular fatar rakun ce, wata ƙaramar dabba mai zobe-zobe a wutsiya. A majalisa kwat yake sawa kamar kowa. A 1834 mai zane John Gadsby Chapman ya zana shi, Crockett ya koka cewa zanukan baya sun mai da shi kamar rabin ɗan majalisa rabin mai wa'azin coci. Sai aka nemo masa rigar farauta da bindiga, aka tattaro karnukan titi na Washinton aka tsayar kusa da shi. Ko a wannan zanen, malafa ce mai faɗin baki a hannunsa. Akwai dai waɗanda suka ce sun gan shi da hular fata a hanyarsa ta zuwa Teksas, lokacin da ya riga ya san abin da jama'a ke son gani.

Me ya kai shi Teksas?

Faɗuwar zaɓe da talauci. Ya koma majalisa a 1833, sannan a 1835 Adam Huntsman, lauya mai ƙafar katako da Jackson ke mara wa baya, ya kayar da shi da ƙuri'u ɗari biyu da 'yan kai. A nan ne ya yi maganar da ta fi kowace tasa shahara, cewa mutanen mazaɓarsa su tafi wuta, shi ya tafi Teksas. Ya bar gida ranar 1 ga Nuwamba, 1835.

Ba mutuwa ya je nema ba. A wasiƙar da ya rubuta wa 'yarsa a Janairun 1836 ya yaba albarkar ƙasar, ya ce yana sa ran ya sami fili ya kuma shiga siyasar wurin. Ana yi wa masu shiga rundunar sa-kai alƙawarin fili mai yawa. Da aka miƙa masa takardar rantsuwa a Nacogdoches, wadda ta ce zai yi biyayya ga duk gwamnatin da za a kafa, ya ƙi sa hannu sai da aka ƙara cewa gwamnatin ta jamhuriya ce.

Me ake yaƙi a kai a Alamo?

A lokacin Teksas yankin Meziko ce. Shugaba Antonio López de Santa Anna ya soke tsarin mulkin 1824 ya tattara iko a hannunsa, jihohi da dama suka yi bore. A Teksas boren ya haɗa baƙi daga Amurka da wasu 'yan ƙasa masu jin Sifaniyanci, irin su Juan Seguín. Akwai kuma batun bayi: Meziko ta haramta bauta a 1829, baƙin kuwa da bayi suke noman auduga, kuma tsarin mulkin da suka rubuta a 1836 ya kare bautar ƙarara. Wanda ya ce yaƙin neman 'yanci ne kawai ya faɗi rabin magana.

Alamo tsohon gidan mishan ne na Sifaniyawa da aka mayar sansani. Crockett ya isa a farkon Fabrairu, kwana kaɗan bayan haka jagorancin mutum wajen 150 da ke wurin ya koma hannun William Travis da Jim Bowie. Ya ce shi a ɗauke shi sojan sahu kawai. Santa Anna ya yi musu ƙawanya daga 23 ga Fabrairu, ya ɗaga jan tuta, alamar ba za a bar kowa da rai ba. A rana ta 13, kafin ketowar alfijir, sojojinsa suka haura katanga. Cikin kamar awa ɗaya da rabi aka gama. An ƙone gawarwakin masu tsaron wurin. Mata da yara da Joe, bawan Travis, su aka bari.

Makonni shida bayan haka, ranar 21 ga Afrilu, Sam Houston, kwamandan rundunar Teksas, ya murƙushe rundunar Santa Anna a San Jacinto, sojojinsa suna ihun a tuna da Alamo.

Yaya ainihin mutuwarsa ta kasance?

Ruwaya biyu ce, kuma har yau ana jayayya. Ta farko ta ce ya mutu yana faɗa. Susanna Dickinson, matar ɗaya daga cikin mayaƙan, ta ce ta ga gawarsa tsakanin cocin da barikin sojoji. Ta biyu ta ce yana cikin mutum shida ko bakwai da aka kama da rai, Janar Manuel Castrillón ya roƙa musu afuwa, Santa Anna ya ƙi, aka sassare su nan take. Wannan ruwayar ta fito a jaridun Amurka tun 1836, kuma a lokacin ba wanda ya ɗauke ta abin kunya. Shaida ce ta rashin imanin Santa Anna.

Rigimar ta tashi ne a 1975, da aka fassara rubutun wani hafsan Meziko, José Enrique de la Peña, zuwa Turanci. Ya ambaci Crockett da suna cikin waɗanda aka kashe bayan kamu, ya kuma ce sun mutu ba tare da sun ƙasƙantar da kansu ba. Dan Kilgore, wanda ya goyi bayan wannan a ɗan littafinsa na 1978, ya sha wasiƙun zagi. Daga baya Bill Groneman ya ce rubutun jabu ne, masanin tarihi James Crisp ya kare sahihancinsa. Ni dai ban ga abin da ruwaya ta biyu ta rage masa ba. Mutumin da ya tsaya kwana 13 alhali yana ganin jan tuta ya riga ya nuna ko shi wane ne.

Me ya sa sunansa ya sake tashi a ƙarni na 20?

Talabijin. Daga Disambar 1954 kamfanin Disney ya nuna shiri a kansa, Fess Parker ya fito a matsayinsa. Cikin 'yan watanni yaran Amurka suka rikice da neman hular rakun, farashin fatar ya yi tashin gwauron zabo, waƙar shirin ta mamaye rediyo. Waƙar ce ta ce a kan dutse aka haife shi, ya kuma kashe beyar yana ɗan shekara uku. A kwarin kogi aka haife shi, batun beyar kuwa ƙirƙira ce. Lokacin ana tsakiyar yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet, Amurka na son jarumi mai tsabta wanda ya mutu yana kare 'yanci. Yawancin abin da mutane ke ɗauka tarihinsa ne a yau daga wannan shirin ya samo asali, shi ya sa maganar de la Peña ta yi wa waɗanda suka tashi da shi zafi.

Ina iyalinsa suka ƙare?

Matarsa Elizabeth ta ƙaura Teksas a shekarun 1850 tare da ɗansu Robert, ta zauna a filin da aka ba magadansa saboda hidimarsa. Ta rasu a 1860, kabarinta na garin Acton. Babban ɗansa, John Wesley Crockett, ya tsaya takara a tsohuwar mazaɓar uban ya ci a 1837, ya yi zango biyu. A 1841, kafin ya sauka, majalisa ta amince da dokar filayen Tenesi wadda ta ba mazauna damar sayen gonakin da suka sare a farashi mai sauƙi, kusan abin da uban ya yi shekaru yana nema bai samu ba.